Sola a shagon ɗinki: inda ta biya, da inda ta gaza

Teloli da dama sun tare ni da tambaya a kan solar da na sa a shagona da ke Fagge, wasu a bakin masallaci, wasu wajen masu zare a Kantin Kwari. Tambayar ba ta wuce biyu: nawa ta ci, kuma tana jan keke kuwa? Amsar tsaye ba ta gamsarwa, shi ya sa na zauna na rubuta. A wani shago na Sabon Gari na sayi kayan a ƙarshen 2024, yaransu ne kuma suka haɗa. Ba zan kama sunan shagon ba, domin akwai yabo akwai ƙorafi a bakina, kuma ba talla aka ba ni ba. Kayan sun ga hunturu, sun ga bazara da damina, sun kuma ɗauki ɗinkin sallah ƙarama da babba, saboda haka na samu bakin magana a kansu.

Shagon nawa ba babba ba ne. Kekunan indastiriya uku, keken wibin mai ɗaure bakin yadi ɗaya, keken aikin ado ɗaya, fanka biyu, sai ƙwayayen fitila. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Janaretana na shan lita 5 zuwa 6 a ranar da babu wuta, kuma kuɗin bai taka kara ya karya ba, ɗinkin wando ɗaya ya biya shi. Cikin 'yan kwanaki lita ta haura 500, a Yuli ta wuce 600, zuwa Oktoban 2024 ta tsallake 1,000. Man da nake saya naira dubu da 'yan kai ya koma dubu shida da ɗoriya. Kuɗin ɗinki kuwa ba ya ninkuwa sau biyar, domin mai kawo ɗinkin shi ne mutumin da aka yanka wa mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024, a lokacin da buhun shinkafa ya fi ƙarfin wannan kuɗi. Wanda ya saba kawo wa kowane yaro kala biyu ya koma kala ɗaya, wani ma tsohuwar shaddarsa yake kawowa a rage wa ɗansa. Wutar layi ita ma ba ta zama mafita ba. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka ce sun fi samun wuta, daga naira sittin da wani abu zuwa 225 kowane yunit, sannan a Oktoban shekarar aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa suka yi sama da mako guda cikin duhu. A wannan duhun ne na yanke shawara cewa ba zan ci gaba da yi wa gidan mai ɗinki ba.

Abin da ya sa na tsaya a wannan shago shi ne tambayar da aka fara yi min. Sauran wuraren da na shiga, tambayarsu ta farko ita ce nawa ne a hannuna, sai su tsara min kaya daidai da kuɗin. Shi wannan injiniyan cewa ya yi, "Malam, me da me kake kunnawa, kuma ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa?" Bai yarda ya ba ni farashi ba sai da ya zo shagon da mitarsa, irin wadda ake maƙalawa a jikin waya, ya auna kowane keke yana aiki, ya kuma auna shi yana zaune a kunne. Da ya gama ya nuna min ƙarƙashin tebur ya ce, "Ba sola ce buƙatarka ta farko ba. Waɗannan motocin ne ke cinye maka mai."

Nan ne zuciyar maganar, kuma ina roƙon 'yan'uwana teloli su karanta wannan wajen da natsuwa. Tsohuwar motar keken indastiriya, mai kuloci, da zarar ka danna makunni take fara juyawa, kuma ba ta tsayawa sai ka kashe. Kana yanka tana juyawa, kana sa zare tana juyawa, kana ciniki da kwastoma tana juyawa tana shan wuta. Duk tela ya san cewa lokacin da allura ke hawa da sauka bai kai lokacin da ake ɓatawa wajen jera yadi da juya shi da warware kuskure ba. Ga shi kuma lokacin tashi tana fizgar wuta fiye da abin da aka rubuta a jikinta, shi ya sa janareta ke yin nishi in an kunna keke na biyu. Sabuwar motar da ake kira sarbo ba ta motsi sai ka taka, ka ɗaga ƙafa ta tsaya cak, wutar ma ta tsaya. Ba ta ƙara, ba ta zafi kamar waccan, kuma ana iya rage mata gudu, abin da ya taimaki ƙaramin yarona mai koyo ya daina karya allura. A ramukan tsohuwar take zama a yawancin tebura, saboda haka canjin bai ɗauki wani dogon aiki ba.

Injiniyan ya ce in na bar tsofaffin motocin, sai na sayi inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta layi, da batura kusan ninki biyu. Shi mai sayar da inbata ne da batura, ba ya sayar da motar keke, wajen masu kayan keke ya tura ni. Wato da bakinsa ya rage wa kansa ciniki. Wannan ne ya sa na amince da sauran abin da ya faɗa min, kuma har yau shi ne babban makin da nake ba shagon. Na canza motocin tun kafin a kafa fanel ko ɗaya, kuma a makon farko na ga bambanci a man janareta. Wanda ba shi da kuɗin sola a yau, ya fara da wannan. Ko a kan janareta kwalliya tana biyan kuɗin sabulu.

Kayan da aka haɗa min su ne fanel huɗu masu wat 550 kowane, inbata mai 3kVA wadda ke da kwantirolar caji a cikinta, da batura biyu masu ruwa, dogayen nan, 220Ah kowane, an haɗa su sun ba da bolt 24. Da motocin keke da wayoyi da ƙarafan rufi da kuɗin aiki, abin ya doshi naira miliyan 2. Kada kowa ya riƙe wannan adadi ya tafi da shi kasuwa, domin kayan sola da dala suke tafiya. Tun da Babban Banki ya saki naira a Yunin 2023, dalar da ake lissafawa naira 460 da wani abu a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma yawancin fanel da batura daga waje suke zuwa. Farashin da aka rubuta min a takarda na yini ɗaya ne, an gaya min haka ƙarara. Ban ji daɗi ba, amma na fahimta, tunda haka masu shadda ke yi mana a Kwari.

Kuɗin kuwa ba a ajiye nake da su ba. Kwasar adashi ce ta ɗauki kaso mafi girma, na sayar da babur ɗin da ba na hawa sosai, na haɗa da abin da ke hannu. Shagon ya yarda na biya sauran a kashi biyu a kan farashin da muka tsayar, ba ƙarin ko sisi, kuma wannan ya kwantar min da hankali, domin ba na son bashin ruwa ya shiga sana'ata. Sun yi min wannan ne saboda wani maƙwabcina da suka sani ya tsaya min, ban sani ba ko kowa suke yi wa... abin da zan ce dai a tambaya, kada a ji kunya.

To yaya take aiki? Da rana ba a cewa komai. Daga misalin ƙarfe 9 na safe zuwa bayan la'asar kekuna duka suna gudu, fanka na kaɗawa, batura na cika, ba ka jin komai sai ƙarar allura. Kano Allah Ya hore mata rana, kuma an fuskantar da fanel ɗin kudu da ɗan jirkice kamar yadda ya dace da mu da ke arewacin tsakiyar duniya. Rashin hayaƙi da ƙarar janareta wata ni'ima ce da ban sa a lissafi ba. Da can kwastoma sai ya ɗaga murya kafin in ji irin wuyan da yake so, farar shadda kuma in ta kwana a shago sai ta ɗauki warin mai. Yanzu yara suna jin karatu ko labarai a rediyo suna aiki, ciwon kan yamma da na ɗauka gajiya ce ya ragu ƙwarai.

Dare shi ne inda ya kamata mai saye ya buɗe ido. A lissafin takarda baturan nan biyu suna riƙe wat sama da 5,000 na awa guda, amma batir mai ruwa ba a zuƙe shi ya wuce rabi in ana son ya yi ƙarko. Saboda haka abin da ke hannunka na gaskiya rabin wancan ne. A shagona hakan na nufin aikin awa huɗu zuwa biyar bayan magariba, da kekuna biyu ko uku da fitilu da fanka ɗaya. A ranakun yau da kullum ya isa har ya yi saura. A goman ƙarshe na azumin 2025, wanda ya faɗo a watan Maris, lokacin da tela ke kaiwa sahur a kan keke, bai isa ba. Janareta ya fito ya karɓi tsakar dare. Duk wanda ya ce maka za ka sayar da janaretanka ranar da aka kafa maka sola, bai taɓa kwanan shago a jajiberin sallah ba. Nawa yana nan, ina tayar da shi lokaci lokaci don kada ya cije, amma man da nake saya a wata yanzu bai kai na mako guda a da ba.

Yanayi ma yana da nasa hukunci. Hazon hunturu yana rage ƙarfin rana, ƙurar kuma tana kwanciya a kan fanel har ka rubuta sunanka da yatsa. In ba a goge ba, za ka ga lambar da ke fuskar inbata tana sauka kullum. Yaro yana hawa da sassafe da ruwa da tsumma mai laushi, kafin gilashin ya yi zafi, domin zuba ruwan sanyi a kan fanel mai zafi ba shi da kyau. A bazara, duk da ƙwallewar rana, abin da fanel ke bayarwa bai kai yadda mutum zai zata ba, saboda tsananin zafi yana rage masa ƙarfi, ga fanka ba ta hutawa. Mafi wuya shi ne marka a watan Agusta. In hadari ya rufe kwana biyu a jere, batura ba sa cika, dole a rage aikin dare ko a taimaka musu da wutar layi in an kawo. Sa'ar da muka yi ita ce Agusta ba lokacin rububin ɗinki ba ne, sai fa kayan makaranta da muke farawa a ƙarshensa.

Guga ita ce abokiyar gabar sola a shagon tela. Dutsen guga na wuta shi kaɗai yana jan wat 1,000 ko fiye, wato ya fi kekunana duka in an haɗa. Injiniyan ya gargaɗe ni tun farko, kuma gaskiya ya faɗa. Tsarin da muka yi shi ne a tara guga a yi ta tsakanin sha biyu da biyu na rana, lokacin da rana ke tsaka kuma batura sun cika. Da daddare kuwa an haramta, dutsen gawayi ne ke aiki. Shi ma yana da nasa haɗari, tartsatsi ɗaya a kan shaddar mutane ya isa ya cinye ribar mako, shi ya sa farin kaya da masu tsada ba na bari a kai su dare. Wannan ya tilasta mana sauya yadda muke tsara yini gaba ɗaya: buɗe shago da wuri, aiki mai nauyi da rana, yanka da sa maɓalli da aikin hannu da yamma. Yaran sun yi gunaguni da farko, musamman masu son hirar dare, daga baya suka ga suna komawa gida da wuri.

Yanzu ga ƙorafina, kuma ba ƙanana ba ne. Na farko, aikin yaran da suka hau rufi bai kai maganar maigidansu kyau ba. Ruwan farko na damina ya nuna inda suka huda kwano ba su toshe da kyau ba, ɗigo ya sauko dab da inda nake ajiye yadin mutane. Sun zo sun gyara ba su karɓi komai ba, amma da an yi daidai tun farko da ban kwashe kayan amana cikin dare ba. Na biyu, jinkiri. Kafin ka biya kuɗi, kira ɗaya ake ɗauka. Bayan an kafa, ranar da inbata ta fara kuka tana nuna wata lamba tana kashe kanta, sai da na yi ta bibiya kafin wani ya zo. Da ya buɗe, ba wata babbar matsala ba ce: burbushin zare da audugar yadi ne suka haɗu da ƙura suka toshe fankar da ke sanyaya ta. Wanda ya auna kekunana ɗaya bayan ɗaya ya kamata ya san cewa iskar shagon tela cike take da wannan burbushi, ya kafa inbatar nesa da teburin yanka, ya kuma nuna min yadda ake share ta. Yanzu da buroshi mai laushi nake bin ramukan iskar duk mako. Na uku, ba su bar min wani bayani da zan iya karantawa ba. Littafin da ya zo da inbatar da Turanci yake, lambobin matsala kuma ba wanda ya fassara min. Shagon da yawancin masu sayensa Hausawa ne, me zai hana ya buga takarda ɗaya da Hausa a manna a bango, lamba kaza ma'anarta kaza, ka yi kaza?

Garanti ma sai da na dage. Da baki aka ce min batura suna da shekara ɗaya, na ce a rubuta a rasit da lambar jikin kowane batir da kwanan wata. An rubuta, amma da ban nema ba da ba a yi ba. Ina jaddada wannan domin batir shi ne inda ake cutar mutane a wannan harka. Akwai tsofaffin batura da ake wankewa a yi musu sabon kwali, akwai waɗanda aka rubuta 220 a jikinsu alhali ba su kai ba. Araha ba ta ado. Nawa dai sun fito na ƙwarai, har yanzu suna riƙe caji kusan yadda suka fara, amma ina kula da su: ina duba ruwansu, ina ƙara musu ruwan batir na ainihi ba na famfo ko na leda ba, kuma suna cikin kejin ƙarfe a wajen da iska ke shiga, domin suna fitar da wani tururi lokacin caji da bai kamata a shaƙa a rufaffen ɗaki ba.

Akwai wata matsala da ba ta shagon ba ce, ta zaman tare ce, kuma duk wanda ya sa sola a layin kasuwa zai gamu da ita. Ranar da fitilarka ta kama alhali layi na duhu, maƙwabta za su zo: a ja min waya ɗaya, ƙwai ɗaya kawai. Hana maƙwabci haske abu ne mai nauyi, amma wayar da aka ja don ƙwai ɗaya gobe za ka tarar an jona mata hita. Abin da na yi shi ne na sa ƙwai mai haske a waje wanda ke haska gaban shaguna uku, na kuma ware soket ɗaya a ciki don cajin wayar maƙwabta kyauta. Waya kuwa ba ta fita daga shagona, kuma na bayyana musu dalili da lissafi. Sun gane.

Batun ko ta mayar da kuɗinta, gaskiya ita ce lissafin ya ɗan ja baya daga yadda na yi shi da farko, domin a 2025 fetur ya sauko ƙasa da naira 1,000 bayan man matatar Dangote ya yawaita a kasuwa. Duk da haka abin da nake ragewa kowane wata ya nuna cewa cikin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kuɗin zai dawo. Amma ribar da ta fi wannan a wurina ita ce alkawari. An daɗe ana yi wa teloli shaidar saɓa alkawari, kuma rabin wannan laifin na wuta ne da mai. Yanzu in na ce wa mutum ya zo ranar Alhamis, na san abin da zan iya gamawa kafin Alhamis. Saboda na san kuɗin wutata ba zai canza gobe da safe ba, na iya yanka wa wata makarantar Islamiyya farashin kayan ɗalibai tun kafin zango, na tsaya a kansa, kuma wannan aikin ne ya riƙe shagon a watannin da ɗinki ke ja baya. Ban sallami yaro ko ɗaya ba, a lokacin da na san shagunan da suka rage hannu.

Ba kowane tela zan ce ya bi sawuna ba. Mai keken ƙafa guda ɗaya ba ya buƙatar inbata, ƙaramin fanel da batir ɗaya da fitila da fanka mai aiki da batir sun wadatar, a kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na nawa ba. Mai keken kwamfuta na zanen aiki kuwa kayana sun yi masa kaɗan, kuma dole ya tabbatar inbatarsa mai tsabtatacciyar wuta ce don kada ta ƙona masa allon na'ura. Wanda ke haya kuma bai da tabbacin zama, ya fara yin magana da mai shago a rubuce kan hawa rufi da kuma cewa kayan nasa ne in zai tashi.

Shagon na Sabon Gari zan koma wurinsu, kuma na riga na tura mutum biyu, amma da sharaɗin da na gaya musu: maigidan da kansa ya duba aikin rufi kafin a biya cikon kuɗi, a rubuta garanti da lambar batir, a kuma ba da lambar wanda za a kira in matsala ta taso. Batura masu ruwa 'yan shekaru suke yi su gaji, saboda haka tun watan farko nake ware wani abu daga kuɗin man da na daina saya, na shiga wani adashin da shi. In lokacin canji ya zo, na litiyam nake so, wanda ake iya amfani da mafi yawan cajinsa kuma ba ya buƙatar ruwa, kuma na riga na tabbatar da injiniyan cewa inbatar da ke nan za ta karɓe shi.